Mai Ƙafa Ma Ɗan Gari Ne

Ran Asabar ina tsaye bakin wani shagon burodi a tsohon garin Pontevedra, nan arewa maso yammacin Sifaniya, sai ga wani yaro mai kai wa mutane abinci gida ya kutso lungu a kan ɗan babur na lantarki, saura ƙiris ya goge wata tsohuwa mai jan keken cefane. Bai taɓa ta ba. Wani dattijo da ke zaune kan benci ya dogara sandarsa ya miƙe, ya daka masa tsawa: "Kai! Nan ba Afirka ba ce!" Yaron fari ne sol, ɗan ƙasa. Ni kaɗai ne baƙin mutum a wurin. Dattijon ya waiwayo muka yi ido huɗu, ya sunkuyar da kai ya koma ya zauna. Na karɓi burodina na wuce.

Wanda ya zauna Turai ya saba jin irin wannan, ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya dame ni, da na isa gida ina shirya amsar da ta dace da shi, sai bakin Kasuwar Dole ta garinmu Damagaram, wato Zinder a Nijar, ranar Alhamis ya faɗo mini a rai, amsar ta maƙale a wuya.

Amsa kuwa akwai ta. Garin da yake tinƙaho da shi, kafin 1999 ba ya ratsuwa. Abokan aikina a ɗakin sanyin kifi na Marin, waɗanda suka ba arba'in baya, su ke ba ni labari: motoci har tsakiyar dandalin tsohon gari, an jera su bibbiyu, ga hayaƙi, ga ƙarar hon, masu hali suna ta kwashe iyalansu zuwa bayan gari. Titin gaban ofishin magajin gari kaɗai, mota wajen 14,000 ke bin sa kowace rana, a garin da mutanensa ba su wuce dubu 80 da 'yan kai ba. Daga 1996 zuwa 2006, mutum 30 hatsarin hanya ya kashe musu. A lokacin wa ya kawo musu Afirkar?

A 1999 suka zaɓi wani likita, Miguel Anxo Fernández Lores, ya zama magajin gari. Cikin wata guda ya fitar da motoci daga tsohon gari. Masu shaguna suka yi masa ca, suka ce ya kashe musu ciniki. Bai janye ba, mutanen gari kuma suka yi ta sake zaɓensa. A 2010 aka ƙayyade gudu a kilomita 30 cikin awa a duk faɗin garin, shekara goma sha ɗaya kafin gwamnatin Sifaniya ta sa irin wannan doka a ƙananan titunan biranenta a 2021. Daga 2011 suka shafe fiye da shekara goma mota ba ta kashe kowa ba a titunan da ke hannun hukumar gari.

Bari in kwatanta muku abin da idona ke gani kullum, don a baki kamar tatsuniya ne. Inda mai ƙafa zai tsallaka, ba shi ke sauka kan titi ba. Titin aka ɗaga ya zo daidai da dakalin tafiya, motar ce za ta hau a hankali, ta sauka a hankali, ko da ɗan sanda ko babu. Direban da ya ƙi rage gudu, ƙarƙashin motarsa ne zai ba shi amsa. Hanyar mota an matse ta, da ƙyar mota ɗaya ke bi, an ba dakali sauran filin, har mata biyu masu tura keken jarirai su jera suna hira ba wadda ta kauce. A kusurwoyi an kafa guntayen turaku na ƙarfe da dutse don kada wani ya yanke kwana. Fitilun ba da hannu ma an cire da yawa, an mai da wuraren shataletale. Wanda ya zo daga ƙauye da motarsa, akwai filaye a bakin kogin Lerez inda zai ajiye ta kyauta, ya ƙarasa da ƙafa. Mai sauke kaya ko mai ɗauko tsohuwarsa an ba shi minti 15, ya gama ya ba wani wuri. Har taswira suka yi, Metrominuto, an kafa ta a bakin hanyoyi: daga nan zuwa tashar jirgin ƙasa minti kaza da ƙafa, zuwa asibiti minti kaza. Da safe, ko ana yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa, za ka ga 'yan shekara bakwai da takwas sun goyo jakunkuna suna tafiya makaranta su kaɗai, wani babba da riga mai ƙyalli yana tsaye a mararraba yana tsallakar da su.

Namu kuwa ba sai na gaya muku ba. Hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Maradi ta nufi Diffa, da wadda ta gangaro daga Agadas da Tanut ta nufi Magarya, a garinmu suka haɗu. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, tankokin mai sun ƙaru a kan manyan motocin da muka saba da su. Duk a kan gudron ɗaya da amalanke, da kurar 'yan ga-ruwa, da adaidaita, da kabu-kabu, da awakin da ba su san mai su ba. Gefen hanya rairayi ya cinye rabi, teburin mai shayi da kwalaben 'yan ruwa-ruwa sun cinye sauran. Yarinya mai tallan goro da ɗan lakwal, ina aka bar musu? Tsakiya, tare da tanki.

Lokacin shirin gyaran gari na Zinder Sabuwa, da aka yi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba 2018 a garinmu, ina nan ina ta kallon hotuna a waya ina nuna wa Turawan wurin aiki. Sabon gudron, fitilu, gari ya yi fes. Har yau ina alfahari da shi. Amma hanya mai faɗi, mai santsi, miƙaƙƙiya, kiran gudu take yi, kuma yaro ɗan shekara ashirin da ke kan babur zai amsa. Ramukan da muke zagi da, ashe su ke riƙe mana hannun direbobi. Lissafin ba mai wuya ba ne: motar da ke tafiya a 30, daga ganin yaro zuwa tsayawa tana cin wajen mita 13. Wadda ke kan 50 sai ta ci kusan ninki biyu. A daidai inda ta farko ta riga ta tsaya cik, ta biyu ko birki ba ta gama kamawa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hanya na kashe mutum wajen miliyan 1.19 a shekara, ita ce kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyarmu ce ta fi kowa asara idan aka auna da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci.

Abin da ke ba ni haushi, wannan da Turawa suka sha rigima kafin su samu, mu gadonsa muka yi. Ku shiga Birni, tsohon garinmu. Tun zamanin da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ganuwa, lungunan nan ƙunci gare su, suna karkacewa tsakanin gidaje da duwatsu, ga dakali a ƙofar kowane zaure, ga inuwar katanga. Ba mai iya gudu a ciki ko ya so. Haka tsofaffin lungunan Zango. A can muka yi langa, a can muka yi ƙwallon tsumma har kiran magariba, ba uwar da ta taɓa leƙowa don tsoron mota. Tsohon garin Pontevedra da masu yawon buɗe ido ke tururuwa suna ɗaukar hotonsa, in ka cire dutsen da aka shimfiɗa da ruwan sama, tsarin Birni ne. Su suka gane darajar nasu suka faɗaɗa shi zuwa sabbin unguwanni. Mu kuwa duk sabuwar unguwar da aka yanka, burinmu a ce titinta ya ɗauki mota huɗu a jere.

Kada kuma wani ya ce mini Damagarawa ba za su yarda a tare hanya ba. Wa ya fi mu iya tare hanya? Ranar hawan Sallah dogarai na ɗaga bulala, babu motar da ke motsi sai dawakin Sarki sun wuce. Ranar Juma'a sahu na fitowa har kan titi, kowa ya kewaya ba gardama. Mai ɗaurin aure ko suna ya kafa rumfa, ya jera bencina ya toshe layi tun safe har la'asar, ba takarda ba izini, mu ce Allah ya sa alheri. Ashe abin da muke girmamawa muna iya tsayar masa da mota. Ƙofar makarantar firamare, rabin awa da safe da rabin awa lokacin tashi, ita ce ba ta kai wannan matsayi ba?

Akwai wata magana da nake jin nauyin faɗa. A nan, ko madubin mota aka goga wa mutum, sai 'yan sandan gari sun rubuta: wane wuri, ƙarfe nawa, daga ina motar ta fito. In abu ya maimaitu a kusurwa ɗaya, kusurwar ake tuhuma, a zo a sāke mata fasali. Mu kuwa in babur ya buge yaro, kafin a gama wanke jinin manya sun taru, uban ya ce kwana ne ya ƙare, ya yafe duniya da lahira. Wallahi ban taɓa ganin girman zuciya irin wannan a Turai ba, kuma ba na fatan mu rasa shi. Amma yafiyar tana tafiya da labarin gaba ɗaya. An yafe wa direba, an yafe wa kwanar da ta ɓoye yaron, an yafe wa wanda ya zana hanya bai bar wurin tsallaka ba. Bayan wata uku a sake zaman makoki a layin. Yafe wa mutum daban, rubuta inda abin ya faru daban. Malamanmu sun karantar da mu cewa kau da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Ban ga dalilin da zai sa a tsaya kan ƙaya da ɓawon ayaba ba.

Na san abin da za a ce. Su suna da kuɗi, mu ruwan sha ma fama muke da shi. Su garinsu ƙarami ne, namu ya ninka shi, kuma ba wanda zai taka daga Kara-Kara zuwa babban asibiti a zafin watan Afrilu don an kafa masa taswira. Gaskiya ne. Kuma ba komai nasu ne abin sha'awa ba: titi lafiya lau, amma sai ka yi tafiyar minti ashirin ba wanda ya ce maka sannu. Sau da yawa na fi son hayaniyar tasharmu da wannan shirun. Sai dai kunyar siminti a gaban makaranta nawa take ci? Tsofaffin tayoyi da aka cika da ƙasa aka shafa musu farar ƙasa, nawa? Tsayar wa manyan motoci lokacin shiga gari, ban da sa'ar da yara ke kan hanya, wannan ko dala ba ya ci, sa hannu ne. Samarin da ke zaune a fada suna dafa shayi tun hantsi, a ba biyu daga cikinsu riga mai ƙyalli da ɗan abin goro a ƙarshen wata, a ga ko ba za su tsallakar da ƙannensu ba. Ma'aikatar magajin gari da masu unguwanni da ƙungiyar 'yan kabu-kabu za su iya gama wannan a zama ɗaya.

Abin da ya hana, a ganina, waɗanda ke yanke shawara ba sa tafiya ƙasa. A nan na sha ganin manyan ma'aikata da lauyoyi da laima a hannu suna takawa zuwa ofis, ba wanda ya kalle su. A gida tafiya ƙasa shaidar rashi ce. Zuwana na baya na ce zan taka daga gida zuwa Birni in gaida dangi, don ƙafata ta yi kewar rairayin nan. Washegari Inna ta kira ni ɗaki. "Kai, so kake a yi da mu a gari? Ana ta cewa Turai ba ta karɓe ka ba. In ba ka zo da mota ba, ka ari ta wani mana." Na ce, "Inna, ai motsa jiki ne." Ta ce in bar motsa jikin sai na koma can. Mu 'yan waje muna da hannu dumu-dumu a wannan: abin da ake auna mu da shi ke nan, mu ma shi muke aikowa. Kowace mota da muka turo ta jirgin ruwa zuwa Kwatano, wani yaro ne ya ƙara koyon cewa mutum sai da taya.

Yanzu haka akwai saƙon murya na ƙanena a wayata. Ya gama makaranta, aiki bai samu ba, babur yake so in saya masa ya shiga kabu-kabu. Na yi masa dogon bayani, har da mita 13 ɗin nan, har da yadda hular kwano ke tsare kai. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaya, duk na ji. To in ba babur ba, me zan yi? Ko za ka ɗauke ni in zo can in riƙa tafiya ƙasa?" Dariya yake yi, amma ba wasa yake ba. Takardun kawo shi sun fi ƙarfina, shi ma ya sani.

Na ce masa kuɗin sai bayan Sallah, kuma da sharaɗi: ya yi permi tukuna, a sa hular kwano biyu cikin lissafi, ɗaya tasa ɗaya ta fasinja. Ya ce, "To, Yaya." Na san irin wannan "to" ɗin.