Hutun Azumi Ya Ƙare, Ranar Bazara Tana Nan

Ranar 7 ga Afrilu 2025 yaran Kebbi suka koma aji bayan hutun mako biyar da aka ba su saboda azumi, kuma tun daga ranar bakin kowa ya mutu. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da ta yi barazanar zuwa kotu a kan hutun, da malaman Facebook da suka kwana suna mayar mata da martani, kowa ya naɗe tabarmarsa ya koma wata rigimar. Abin da ya tsaya min a rai shi ne wata hujja da masu kare hutun suka riƙa ɗagawa a lokacin, cewa zafin ƙasar nan ya yi yawa, yaro ba zai iya zaman aji ba. Gaskiya suka faɗa. To ga shi an yi salla, an buɗe makarantu a watan da ya fi kowane wata zafi a shekara, an mayar da yaran kan jadawalin da suke bi a Disamba lokacin da ake shiga aji da rigar sanyi, kuma ban ji ko ɗaya daga cikinsu ya sake ambaton rana ba. Ashe rana ba ta dukan yaro sai in yana azumi?

Ko hutun ya dace ko bai dace ba, wannan magana ta wuce. Amma duk wanda ke ganin hutun azumi ya raba yara da zafi, lissafi ya kuɓuce masa. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris. A 2026 kuwa wajen 18 ga Fabrairu ne, sallar ma kafin Maris ya ƙare. Zuwa 2030 a farkon Janairu za a tashi sahur, cikin hunturu, ana neman ruwan zafi na alwala. Bazara kuwa ba ta bin wata. Daga Maris zuwa ƙarshen Mayu take sauka kowace shekara, ma'aunin zafi ya kai digiri 40 a Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri, wasu ranakun ya haura 42, har hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta riƙa fitar da gargaɗi a guji shiga rana. Gargaɗin yana fita, yara kuma suna tafiya makaranta kamar ba da su ake ba.

Da zarar ka ta da wannan magana a majalisa, akwai amsar da ba ta fashi: “Mu ma ai haka muka yi karatun, ga mu ba mu mutu ba. Ɗan arewa ya saba da rana.” Wannan ita ce maganar da na fi tsana, domin ita ce ke kashe duk wani yunƙuri tun bai tashi ba. Mai faɗinta yakan manta cewa a zamaninsa makarantar firamaren garinsu cike take da dogon yaro, ajinsu bai kai rabin na yanzu cika ba, garin kansa bai zama siminti da kwano da kwalta ba. Yakan kuma manta da waɗanda suka bar makaranta a hanya, da waɗanda zazzaɓi ya ɗauke a bazara aka ce kwana ne ya ƙare. Wanda ya tsira ne kawai ke zama a majalisa yana ba da labari.

Kuma zafin ma ba irin na da ba ne. Ranar 3 ga Afrilu 2024, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 a kwana huɗun farko na watan. Mutanen Mali ba Turawa ba ne, su ma cikin rana aka haife su, sabo bai cece su ba. Masanan da suka binciki wannan zafin sun ce da ba don ɗumamar yanayi ba, da bai kai haka ba. Mu da su layi ɗaya muke a bakin Sahara.

Jikin yaro ba ƙaramin jikin babba ba ne. Ya fi saurin ɗaukar zafi, bai kai babba fitar da zufa ba, kuma in wasa ko tsoron malami ya ɗauke masa hankali ba ya tuna yana jin ƙishirwa sai abin ya ci ƙarfinsa. Da ciwon kai abin ke farawa, sai jiri, sai tashin zuciya, yaro ya kifa kai a kan tebur malami ya ce lalaci ne. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40 yaro ya fara sambatu ko ya sume, to an shiga halin da ke iya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya kuma yi kisa cikin sa'o'i. A nan abin da ake bukata shi ne inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jiki da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya asibiti. Malamai nawa aka taɓa zaunar da su aka gaya musu haka? A makarantun 'yan mata kuwa, yarinya na faɗuwa abin da ake fara cewa shi ne iska ce ta buge ta. Ba na musun aljanu, amma kafin a aika a kira mai ruƙiyya, a tambayi ƙawayenta yaushe rabonta da ruwa. Ga kuma masu sikila, waɗanda ba su da kaɗan a cikinmu, da ƙarancin ruwa a jiki ke tayar musu da ciwon da zai kwantar da su mako guda.

A bi yinin yaron makarantar gwamnati a gani. Yakan tsaya a asambuli har rana ta fara zafi ana jiran shugaban makaranta ya gama jawabi. Ya shiga ajin da aka rufa da kwano babu silin, ko silin ɗin ya zube tun bara, tagogin ƙarfe sun yi zafin da ba a iya taɓawa, yara sun cika ɗakin har bakin ƙofa. Fanka babu, inda take kuma ina wutar? Zuwa sha ɗaya kwanon ya mayar da ajin tanderu. Rijiyar burtsatsen da aka yi bikin buɗewa ta lalace, randa babu, wanda ubansa bai ba shi kuɗin fiya wata ba sai ya haɗiyi yawu. Sannan a tashe shi wajen ƙarfe ɗaya da rabi ko biyu ya kama hanyar gida a ƙasa. Kebbi tana can yammacin ƙasar nan, saboda haka rana ba ta kai tsakiyar kai a Birnin Kebbi sai wajen ɗaya saura kwata, zafin kuma yana ci gaba da hawa har zuwa ƙarfe uku. Wato an zaɓi lokacin da ko jaki ke neman gindin bango, an ce a nan ne ɗan shekara bakwai zai taka kilomita biyu da silifas ɗin roba. Ya isa gida a galabaice, ya ci abinci da ƙyar, kafin la'asar an ce ya tashi ya tafi Islamiyya.

Wane karatu ake yi a sa'o'i biyun ƙarshen nan? Duk malamin da zai faɗi gaskiya ya san bayan sha biyu babu abin da ke shiga kan yara, shi kansa zufa ta jiƙe masa riga yana duba agogo. Masu cewa in an rage lokaci za a yi asarar darussa suna kare sa'o'in da dama a takarda kawai suke.

Sai kuma sanƙarau. A watan Maris na 2025 gwamnatin jiha da kanta ta tabbatar da mutuwar mutum 26 da ake zargin cutar ce ta kashe su, akasari a Gwandu da Jega da Aliero. Kowa ya san lokacinta: rani, ƙura, zafi, da cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ma'aikatar lafiya tana shela a rediyo a guji cunkoso, ma'aikatar ilimi tana cusa yara a ɗaki guda har ƙarfe biyu. Gwamnati ɗaya ce fa.

Abin takaicin shi ne ba mu bukatar wani baƙo ya koya mana wannan. Dubi makarantar allo. Tun kaka da kakanni almajiri da asuba yake ɗaukar allonsa, a yi karatu zuwa hantsi, a sarara da rana, a dawo da yamma, a sake zama da dare. Manomi da sanyin safiya yake shiga gona, rana na take ya nemi gindin bishiya. Hatta sallar azahar, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a jinkirta ta idan zafi ya tsananta har a samu sanyi, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. An sassauta wa baligi lokacin farilla saboda rana, amma jadawalin makarantar boko ya zama abin da ba a taɓawa.

Wasu ƙasashen sun taɓa shi kuma sama ba ta faɗo ba. Sudan ta Kudu, da duk talaucinta da yaƙinta, ta rufe makarantu a Maris 2024 saboda zafi, ta sake rufewa na mako biyu a Fabrairun 2025 bayan ɗalibai sun riƙa faɗuwa a Juba. A jihar Odisha ta Indiya, in zafi ya taso sai a mayar da karatu na safe zalla, daga shida da rabi zuwa goma da rabi. A Kerala ƙararrawa ta musamman ake kaɗawa don yara su sha ruwa. Ƙasar Filifin ma kalandar karatun gaba ɗaya ta koma gyarawa don dogon hutu ya faɗa a watannin zafi. Rahoton UNICEF na Janairun 2025 ya ce ɗalibai miliyan 242 a ƙasashe 85 ne matsalolin yanayi suka katse wa karatu a 2024, kuma zafi ne kan gaba. Ba na kiran a rufe makarantu, jihar da ke fama da ɗimbin yaran da ba su taɓa shiga aji ba ba ta da kwanakin zubarwa. Agogo kawai nake cewa a matsar. A Afrilu gari na wayewa wajen shida da rabi. A shiga aji ƙarfe bakwai, a yanke asambuli, a tashi sha biyu, daga Maris har ruwa ya sauka. Sa'o'i biyar na yaron da ke cikin hayyacinsa sun fi shida na wanda ya galabaita.

Za a ce jarrabawar WAEC da NECO ba sa jiran kowa. Ɗan firamare biyu WAEC yake rubutawa? Wasu kuma za su fito da shawarar a sa sola da na'urar sanyaya ɗaki a kowane aji, kuma kowa ya san ɗan kwangila ne kaɗai zai ji sanyin.

Masu makarantun kuɗi ma kada su ɗauka sun tsira. Su ne ke ɗinka wa yara yunifom ɗin yadin roba mai duhu, su ƙara da safa da takalmi sau-ciki, wasu har da laƙtaye da kwat a garin da ƙarfe ke ƙona hannu, don iyaye su ji sun biya kuɗin Turanci. Su ne ke riƙe yara har ƙarfe huɗu da sunan lesin, sannan a cusa su cikin bas ɗin da ta wuni a rana. Hijabin 'yan mata kuwa babu wanda ya ce a cire, amma wa ya ce sai na yadi mai kauri mai launin duhu? Farin yadi mara nauyi shi ma sutura ne. Malamin da har yau yake sa yaro durƙuso ko tsallen kwaɗo a tsakiyar fili da rana tsaka saboda ya makara, wannan ba horo yake yi ba, ganganci yake da ran ɗan mutane, kuma ya kamata a kore shi kafin wata rana a ɗauki gawa.

Maganar gini doguwa ce, amma a Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina firamare a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da rufin ɗakin yadda iska ke ratsa tsakani, aikin da ya kai shi ga samun babbar lambar yabo ta masu zanen gini ta duniya a 2022. Mu kuwa kuɗin hukumomin ilimin firamare, UBEC da SUBEB, na ci gaba da haifar da akwatunan bulo da kwano, a shafa fenti a ɗauki hoto, ko dogon yaro ɗaya ba a dasa a harabar ba, a jihar da ke cikin jihohi 11 na shirin dasa bishiyoyi don tare hamada.

Gwamna Nasir Idris malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa, NUT. In akwai gwamnan da bai kamata a yi masa bayanin yadda aji yake da ƙarfe ɗaya na ranar Afrilu ba, shi ne. Gwamnatinsa ta nuna tana iya sauya kalanda cikin 'yan kwanaki in ta ga dama, mun gani a Fabrairun 2025 da aka ba da hutun azumi. Matsar da lokacin shiga da na tashi, da wajabta randa a bakin kowane aji, da hana horo a rana, takarda ɗaya ce daga ma'aikatar ilimi, ba ta bukatar kasafi. Ruwa ba ya zama sosai a Birnin Kebbi sai Yuni. Idan kuwa aka ce sai an kafa kwamiti ya yi nazari, to a shirya masa zaman farko da ƙarfe ɗaya na rana a ajin 'yan firamare uku, a ƙarƙashin kwanon, kuma kada a bar kowa ya shiga da ruwan gora.