Ɗaure yaro ba shi ne gyara shi ba

Duk lokacin da labari ya fito cewa wani ɗan shekara 14 ya fasa gida ko ya soki abokinsa da wuƙa, abin da mutane ke fara cewa shi ne a kulle shi ya ji a jikinsa. Fushin yana da dalili, kuma wanda aka cuta ya cancanci a bi masa haƙƙinsa. Sai dai a ganina, jefa yaro ɗaki ɗaya da manyan masu laifi ita ce hanya mafi sauri ta mayar da shi irinsu.

Tun 1899 aka buɗe kotun yara ta farko a birnin Shikago na Amurka, domin alƙali ya duba abin da yaro ya yi, ya kuma duba abin da ya kai shi. A 1989 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara, wadda sashenta na 37 ya ce kada a tsare yaro sai an rasa yadda za a yi, a taƙaita lokacin, a kuma raba shi da manya. Inda ƙasashe suka saɓa shi ne shekarun da doka za ta fara kama mutum da laifi. A Ingila shekara 10 ne, a Jamus 14. Ke nan ɗan shekara 11 da zai gurfana gaban kotu a Landan, a Balin sai dai ma'aikatan kula da yara su zauna da iyayensa. Kwamitin Majalisar mai kula da haƙƙin yara ya ba da shawara a 2019 cewa kada a yi ƙasa da 14, kuma ni ma nan na tsaya.

Masana sun daɗe da gano cewa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai an haura shekara 20. Shi ya sa laifi ke yawa a ƙarshen ƙuruciya, sannan ya ragu da kansa. Yawancin yaran nan za su daina, muddin ba mu datse musu hanyar dawowa ba.

A dubi wanda aka tsare wata shida. Ya fito shekarar karatu ta wuce shi, iyayen abokansa sun hana a yi hulɗa da shi, ko'ina ya gifta ana nuna shi da baki. Waɗanda za su karɓe shi hannu bibbiyu su ne mutanen da ya kwana da su a ciki. Ko tsoratarwa ma ba ta yi ba: a Amurka an gwada kai yara gidan yari domin fursunoni su razana su, bincike kuma ya nuna yaran sun fi aikata laifi daga baya.

Niyu Zilan ta bi wata hanya tun 1989. Ana tara yaron da danginsa da ɗan sanda, a gayyaci wanda aka cuta. Dole yaron ya ɗaga kai ya saurari matar da ya fizge wa jaka tana faɗin yadda ta koma tsoron fita ita kaɗai, sannan a tsara yadda zai biya. Wannan ba sassauci ba ne. Yara da yawa sun fi jin nauyin wannan zama a kan tsayuwa gaban alƙali lauya yana magana a madadinsu.

Akwai dai wanda dole a tsare, kamar mai kisan kai ko fyaɗe. Shi ma wurin tsare shi ya zama na yara zalla, da malamai da likita da koyon sana'a, a kuma san wanda zai riƙe shi ranar da ya fito.