Teku ya cinye min takalmi

Asabar ɗin nan na sha kunya a Weston-super-Mare, wani garin bakin teku a Ingila. Da na isa da rana babu ruwa wallahi, yashi da laka ne shimfiɗe iya ganinka, tekun ya ja baya fiye da kilomita guda. Na tuɓe takalmi na ajiye na yi gaba abina ina ta ɗaukar hoto, kafin in ankara ruwa ya zagayo ta bayana shiru kamar ɓarawo, takalmi kam sai dai wani. Wani tsoho mai kare ya ce wai ban duba jadawalin ruwa ba ne? Irin kallon da ya yi min har yanzu yana ci na.

To ina laifina fisabilillahi? Ruwan da muka sani sai damina yake cika, rani ya ƙafe, wa ya taɓa ganin kogi ya tafi da safe ya dawo da la'asar.

Ashe duk aikin wata ne. Shi ke jan ruwan, ɓangaren duniya da ke fuskantarsa ya kumburo, can bayan ma ya kumburo saboda jan ya fi rauni a wajen, ita kuma duniya tana juyawa, shi ya sa yake cikowa sau biyu a yini, tsakani awa 12 da minti 25, kullum yana ƙara makara da kamar minti 50. Rana ma tana ja amma nata bai kai rabin na wata ba. In suka yi layi ɗaya, wato tsayuwar wata da daren sha huɗu, nan ruwa ke haukacewa. Masanin kimiyyar nan na Ingila, Isaac Newton, ya yi bayaninsa tun 1687. Mashigar teku ta Bristol kuma, inda Weston ɗin yake, kamar mazurari take, ruwa kan hau wajen mita 14, a mashigar Fundy ta Kanada har 16.

Na yarda sun iya lissafi, jadawalinsu da wuya ya saɓa. Amma da na tambayi tsohon yau nawa ga wata sai ya hau laluben waya. Ni kuwa ko daga barci aka tashe ni na san 15 ne, duk da gajimaren ƙasar nan ya hana ni ganin farin wata kusan sati uku kenan.