Kujerar gaba da kuɗin aljihu: nasiha ga matasan ikkilisiya

Ƴan'uwana matasa na ikkilisiyoyin Sakkwato, ku lura da abin da ke faruwa a ƙofar majami'a ranar Lahadi. Mai babbar riga ya sauko daga mota, masu tarbar jama'a har rige-rige suke yi su kai shi gaba, ƙarƙashin fanka. Ɗan kabu-kabu ya shigo da ƙura a ƙafa, sai a nuna masa bencin baya da leɓe. Abin da Yakubu ya hana ke nan a wasiƙarsa cikin Littafi Mai Tsarki, sura 2, aya 1 zuwa 4, har ya kira masu yin haka alƙalai masu mugun tunani. Gyaran ba shi da wuya. Wanda ya riga zuwa shi ke zama gaba, a keɓe wuri don tsofaffi, masu juna biyu da marasa lafiya kawai. In kuwa kai ne ake ja zuwa gaba, tuna da Luka 14, inda Yesu ya ce wanda aka gayyata biki ya nemi wurin zama na baya.

Ranar godiyar kaka ma akwai gyara. Idan ana kiran suna da adadin baiko a lasifika, ɓarna biyu ake yi: gwauruwa ta ƙi zuwa don kunya, saurayi kuma ya yi alkawarin abin da ba shi da shi. A sa baiko a ambulan, mutum biyu su ƙirga, a faɗi jimilla kawai. Ai anini biyu na gwauruwa Yesu ya yaba a Markus 12, a Matiyu 6 kuma ya ce kada hagunka ya san abin da damanka ke bayarwa.

To, sai kuɗin da ke hannunka. A ce albashinka naira 70,000 ne. Ranar da ya shigo, tun kafin ka sayi data, fara da haƙƙin mutane. Ɗan garuwan da ya turo kura cikin zafin Afrilu, telan da ɗinkinsa ke jikinka, yarinyar da ke muku wanke-wanke, duk a sallame su. Kubawar Shari'a 24:15 ta ce a biya ɗan ƙwadago kafin rana ta faɗi, domin da kuɗin ya dogara. Abin takaici ne mutum ya yi rawa da baiko a gaban jama'a alhali ya riƙe wa mai ruwa kuɗin sati uku.

Daga nan ka ware zakkarka, 7,000 in ɗaya bisa goma kake bayarwa. Ka raba kuɗin hayar shekara gida 12, kana ajiye kashi ɗaya duk wata a asusun da ba ka yawo da katinsa. In da hali, sayi gero da wake da kaka, lokacin da suke araha, domin cikin damina farashi kan hau. Amma a tabbata sun bushe sarai, a zuba a buhu mai leda a ciki, a ɗaure baki tam, a ɗora kan katako. Danshi da iska su ke raya ƙwari, sai ka buɗe buhun wake ka tarar da gari.

Bashin anko da na sabuwar waya kuwa, ku guje shi. Manhajojin bashi na waya ruwansu na da yawa, wa'adinsu gajere, wasu kuma in ka makara sai su aika wa duk lambobin wayarka saƙon tozarci, har fasto da surukai. Karin Magana 22:7 ta riga ta faɗa, mai cin bashi bawan mai ba da bashi ne. In anko ya fi ƙarfinka, ka gaya wa ango tun da wuri, ka wanke tsohuwar rigarka ka goge, ka je da wuri ka taya jera kujeru.