Oba-obarku ba ta mutu ba

Shekaranjiya shugaban 'yan sintirin unguwarmu ya kawo mini oba-oba guda shida a cikin leda. Ya ce duk sun mutu, kwamiti na shirin sake karo-karo a sayo sababbi. Na zauna da su bayan la'asar, kafin a kira magariba biyar suna magana. Ɗaya ce kawai ta ƙone da gaske, ita ma don an yi ta danna ta babu eriya a kanta. Abin ya tsaya mini a rai, domin kuɗin nan daga aljihun talakawa yake fitowa, har da iyayenmu mata da ke ba da ɗari biyu-biyu don su samu barci.

Jama'a, mu daina ɗora wa "kayan Caina" laifin da namu ne. Yawancin abin da ke hannun mutanenmu Baofeng UV-5R ce ko danginta, kuma gwargwadon kuɗinta tana aiki. Saiti ne ba mu iya ba.

Uku daga cikin shidan nan ciwonsu ɗaya. Fitilar kansu tana kawo kore, alamar saƙo ya iso, amma sifika shiru. Wani ne ya shiga cikin saiti ya taɓa R-CTCS. Wannan saiti ne na wani siririn amo mai lamba tsakanin 67.0 da 254.1, wanda ke tafiya a ƙarƙashin murya. Kamar maigadi yake a bakin ƙofa: in an ce masa sai mai 88.5 zai wuce, ko kuna kan mita ɗaya ba zai buɗe wa mai 100.0 ba. Ko dai kowa ya sa lamba ɗaya a T-CTCS (na aikawa) da R-CTCS (na karɓa), ko kowa ya kashe su. Kuma don Allah a sani, wannan lamba ba ta ɓoye sirri. Duk wanda ya kashe tasa ya hau mitarku zai ji komai, har ɓarawon da kuke fako. Kada a ambaci sunan gida ko inda aka tsaya.

Haka SQL, mai toshe shuuu ɗin nan. Daga 0 zuwa 9 yake. Mutum ya gaji da ƙara sai ya kai shi 9, gobe ya ce ba ya jin na bakin kasuwa. A bar shi a 2 ko 3.

Ta huɗu ana jin ta can ƙasa-ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. A saitin faɗin tasha an sa ta a NARR (matsattse), sauran suna WIDE (mai faɗi), ga kuma ƙurar hunturu ta cika ɗan ramin makirufo. Ta biyar ramin abin kunne ne ya yi datti, sai take ɗauka an soka mata waya, ta yanke sifikarta. Tsohon buroshi ya gama aikin.

Maganar nisa kuwa, nan ne 'yan kasuwa ke cutar mutane. Na'ura mai wat 5 a hannun mutum biyu da ke tsaye a fili, doron ƙasa kansa yana shiga tsakaninsu tun wajen kilomita 5 zuwa 10. A cikin gari, tsakanin katangu da rufin kwano, in ka samu 1 ko 2 ka gode wa Allah. Abin da ke ƙara nisa shi ne tudu. Hau bene ko kan tanki, ka riƙe eriya a tsaye tana kallon sama. Kwantar da ita, ko manna ta a ƙugu a ƙarƙashin riga, yana cinye saƙon. Kuma ka matsa daga inbata da fitilun sola masu araha, hayaniyarsu tana danne saƙo mai rauni.

Batir ma yana yaudara. Karɓa ba ta cin wuta sosai, aikawa ce ke ci. Shi ya sa in batir ya yi rauni za ka ji kowa rangaɗau, kana danna maɓallin magana ta ɗauke. In ka danna, jira daƙiƙa ɗaya kafin ka buɗe baki, ka bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakanin bakinka da ita, kuma ban da ihu, domin ihu fasa murya yake yi.

Wanda ya ga Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, daga baya wasu sassan Katsina da Sakkwato suka bi, ya san darajar na'urar da ba ta jiran turken kamfani. Shi ya sa nake jin zafi in na ga an jibge su a kwali.

Na roƙi kwamitinmu su ware yaro ɗaya mai natsuwa in koya masa. Shi kaɗai zai riƙa saita su, ya danna maɓallin # ya riƙe har alamar makulli ta fito, ya rubuta mita da lambobi a littafi. Kullum bayan isha'i, kafin a watse, kowa ya kira a amsa masa. Sun ce ranar Asabar za su turo shi.