Ƙaura a hunturu: mu da masu dusar ƙanƙara

Da zarar makarantu sun ba da hutun Disamba, lokacin masu ƙaura ya kama a unguwanninmu na Legas. A Agege ko Idi-Araba ba ka rasa magidancin da hayarsa ta ƙare, mai gida ya yi masa ƙari, shi kuma ya ga gara ya mayar da iyali Kano ko Katsina. Ban ga laifin zaɓen wannan lokacin ba. Shi ne ma ya fi dacewa: ruwa ya ɗauke, katifa ba za ta jiƙe a bayan mota ba, babu fargabar ambaliya irin wadda ta karya gadar Tatabu tsakanin Jabba da Makwa a 2017. Inda nake ja da mutanenmu shi ne yadda muke hawa hanya kamar hunturu ba shi da nasa sharaɗin.

Ƙanwata da mijinta suna Kanada. Aiki ya tashe su daga Toronto zuwa Kalgari cikin tsakiyar sanyi, tafiyar da ta haura kilomita 3,000, wato kusan ninki uku na Legas zuwa Kano. Shirinsu ya fara ne daga taya. Akwai tayar sanyi ta musamman, wadda robarta ba ta sandarewa idan awon zafi ya sauka ƙasa da digiri 7. A lardin Kebek ma doka ce a saka ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Suka sa shebur a mota, da barguna, da tocila, da abinci. Ba sa barin mai ya gaza rabin tanki, domin idan ƙanƙara ta rufe hanya, injin ne zai ɗumama su. Shi ma sai sun riƙa duba salansa kada ƙanƙara ta toshe shi hayaƙi ya dawo musu ciki. Mutanen can ba son ransu ba ne ƙaura a irin wannan lokacin. A Kebek ɗin, 1 ga Yuli ce ranar da aka saba sauya gida, ana tsakiyar zafi.

Duk wannan bai shafe mu ba, wanda ya sayi tayar ƙanƙara don zuwa Zariya ya yi asarar kuɗinsa. Magana ɗaya ce tata ta tsaya mini a rai. Na tambaye ta yaushe za su tashi, ta ce, "Yaya, ai nan ba mu ke sa rana ba. Sai abin da masu hasashen yanayi suka ce." Haka kuwa aka yi, sun gama ɗaure kaya suka zauna jira har guguwa ta wuce.

Mu namu abin hazo ne. Iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙura daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza mana ita tun daga ƙarshen Nuwamba har cikin Maris. A Legas sama-sama take zuwa, shi ya sa mazaunin Ikko ke raina ta. Amma ka wuce Badun, ka bar Ilori, ka haye Kwara a Jabba, za ka ga sama ta fara yin fari. Ga hayaƙin masu ƙona daji a gefen titi, ga tirelar da ta lalace a tsakiyar hanya ba fitila, sai 'yan rassan ganye da yaron mota ya jera. Akan soke tashin jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano saboda wannan hazon. Matuƙin jirgi da na'urorinsa ya haƙura, amma direbanmu mai fitila ɗaya ya ce, "Alhaji, a bari sai bayan isha'i mu tashi, hanya ta fi daɗi da dare." Daɗin nan shi ne ban yarda da shi ba.

Kuma ba wai ba mu iya ɗage tafiya ba ne. Babu mai barin Legas bai shiga tasha ya tambayi direbobi labarin hanya ba: a bi ta Makwa da Tegina, ko a zagaya ta Lakwaja da Abuja don kauce wa dajin Birnin Gwari? In aka ce hanya ba lafiya, kowa zama yake yi, ko da an ɗaura aure. To tambayar nan ta biyu ce ba ma yi, ko ana ganin gaba.

Ta fuskar kaya kam mun fi su sauƙi. Su hayar mota suke yi su tuƙa da kansu, da tsada. Mu motocin da suka sauke tumatir da albasa a Mile 12, ko shanu a Oko-Oba, suna neman abin da za su koma da shi, sai ka daidaita da ɗan kamasho. A dai wanke motar, a shimfiɗa leda, a ja tamfol da kyau, don ƙurar nan har cikin talabijin take shiga. Kayan katakon da aka haɗa cikin laimar Legas kuma kada a yi mamaki in sun tsage bayan sun sha iskar Kano. Sai rasit: firji, janareta, keken ɗinki, kowanne a nemo takardarsa a riƙe a hannu. Ƙanwata ta ratsa larduna ba wanda ya tsayar da ita ya ce ina shaidar firjinta, mu kuwa kowane shinge da tambayarsa, ban da masu karɓar haraji da sandunansu masu ƙusa.

Abin da ba na sassauci a kai shi ne ɗora iyali a saman kaya don a rage kuɗin mota. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sha gargaɗi kan haɗa mutane da kaya a tirela, kuma ko Allah ya tsare haɗari, jaurar asuba a buɗaɗɗiyar mota ta isa ta kwantar da jariri. Yaran da aka haifa a Legas ba su san sanyin da ke sa a hura wuta a tsakar gida ba. Rigunan sanyinsu, da hula da safa da man shafawa, da maganin mai asma in akwai, a jakar hannun uwa ya kamata su kasance, ba a ƙasan akwatin da ke can ƙarƙashin gado a cikin tirela ba.

Kaya su yi gaba da yaro ɗaya amintacce. Iyali su biyo baya a ƙaramar mota wadda aka duba mata fitila da birki da ruwan lagireto, su tashi bayan sallar asuba, su kwana a hanya, a Ilori ko Abuja gwargwadon inda aka bi. Kuɗin masaukin kwana ɗaya a sa shi cikin lissafin ƙaura tun ranar da ake cinikin mota.