Wa zai biya kuɗin batir a shekara ta uku?

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da kuɗin da gidauniyoyi da masu hannu da shuni ke zubawa a kan sauyin yanayi da wutar sola, musamman abin da ke isowa nan Gombe da maƙwabtanmu na Bauchi. Na san wasu abokaina da ke aiki da ƙungiyoyi ba za su ji daɗinta ba. Ku yi haƙuri, ba da ku nake ba, da tsarin nake.

Kuɗin ma tun farko ba su da yawan da ake zato. Idan aka tattara duk abin da masu bayar da taimako ke bayarwa a duniya a shekara, abin da ke zuwa ga rage sauyin yanayi bai kai kashi 2 cikin 100 ba, kamar yadda gidauniyar ClimateWorks ke ta nunawa a ƙididdigarta. Manyan sunaye suna nan, ba a musu. Jeff Bezos, attajirin da ya kafa kamfanin Amazon, ya yi alkawarin dala biliyan 10 a 2020. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Glasgow a 2021 gidauniyar Rockefeller da ta IKEA da ta shi Bezos ɗin suka haɗa hannu don kai wuta mai tsafta ga ƙasashe masu tasowa. Ta ɓangaren gwamnatoci kuwa, ƙasashe masu arziki sun yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara tun a Kopenhagen a 2009, aka ce zuwa 2020 za a cika, ba a cika ba sai 2022. A Baku a 2024 aka sake sabon alkawari na biliyan 300. Duk wannan kuwa Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. To kafin waɗannan kuɗi su ratso Landan da Nairobi da Abuja su sauka a Dukku ko Nafada, kowa ya san abin da ya rage. Shi ya sa ɗan abin da ya iso ɗin bai kamata a yi wasa da shi ba.

Ga yadda ake kashe shi a mafi yawan lokuta. Ana kama ɗakin taro a otal, a kunna janareto domin a yi maganar illar janareto, a raba riguna da jaka da biro, a yi kwana biyu ana nuna hotuna a bango da Turanci, a ba kowa kuɗin mota, a ɗauki hoto. Waɗanda ke zaune a ɗakin yawanci fuskoki ɗaya ne, yau suna bitar sauyin yanayi, gobe suna ta zaman lafiya, jibi ta shayar da nonon uwa. A rahoton da za a aika wa mai kuɗin sai a rubuta an wayar da kan mutum kaza. Ba na cewa ƙarya aka yi. An yi taron. Amma manomin Yamaltu-Deba da ya shuka masara ruwa ya ɗauke masa mako uku, da matar da ke hura itace kullum har idonta ya soma lalacewa, ba su san an yi ba.

Kuma su waɗannan mutane ba jahilan sauyin yanayi ba ne. Ka zauna da dattijo a Funakaye zai lissafa maka tafkunan da suka ƙafe da itatuwan da ba ya ganinsu yanzu, zai gaya maka damina ta daina zuwa da alkawari. Mutumin da kwazazzabo ya cinye rabin gidansa a cikin garin Gombe ba ya buƙatar a kawo masa hoton ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya kafin ya yarda. Abin da ya rasa shi ne bayanin da zai yi aiki da shi: yaushe ruwa zai zauna bana, wane iri ne ke nuna da wuri, ina zai same shi na gaskiya ba jabu ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ranakun da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. Kuɗin bita guda ɗaya a otal zai iya sayen lokaci a gidan rediyo na tsawon watanni, a zauna a fassara wannan hasashe ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, da Hausa da Fulatanci da Tangale da Tera, a buɗe waya manoma su kira su yi tambaya. Ban ga dalilin da zai sa wannan ya fi raba jaka wuya ba, in ban da cewa ba shi da hoton da za a saka a rahoto.

Amma babban abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu shi ne sola.

Ku zaga ƙananan asibitocin karkara da makarantu da bakin tituna ku ƙirga fitilu da farantan sola da suka mutu. Da yawa an kafa su da kyakkyawar niyya, an yi biki, hakimi ya zo, an yanka kyalle. Shekara ta farko lafiya lau. Ta biyu wuta ta fara ɗaukewa tun tsakar dare. Ta uku unguwar zoma ta koma karɓar haihuwa da fitilar waya. Idan ka ɗaga kai za ka ga farantin yana nan a kan rufi, lafiyarsa ƙalau, domin shi faranti yakan yi shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Abin da ya mutu batir ne. Batirin dalma, wanda aka fi sakawa saboda arha, da ƙyar yake wuce shekara uku ko huɗu, kuma zafi maƙiyinsa ne. Masu harkar suna cewa duk ƙarin zafi na kusan digiri 10 sama da digiri 25 yana rage rabin kwanansa. Ku tuna yadda Gombe take a watan Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sannan a kulle batiran a ɗan ɗaki mai rufin kwano ba taga. Ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe farantin babu mai gogewa. Ga wani ya jona dutsen guga ko hita a inbatar da aka yi wa lissafin fitilu da firjin allurar rigakafi kawai. Ba sihiri ba ne, ba kuma sola ce ba ta da kyau ba. Lissafin ne tun farko aka yi shi zuwa ranar biki, ba a yi shi zuwa ranar da batir zai mutu ba.

Mai ba da tallafi yana da wa'adi, shekara biyu ko uku, ya rufe littafi ya tafi wata ƙasa. Ƙaramar hukuma ta ce ba ita ta saka ba. Mutanen gari su ce na gwamnati ne. Ɗan kwangilar da ya haɗa yana Legas ko Abuja, lambarsa ba ta shiga. Kayan miliyoyi su zama wurin kwanan tantabaru saboda babu wanda aka ɗora wa alhakin canja batir da fis.

Mu 'yan Gombe ya kamata mu fi kowa gane wannan ciwo. Madatsar ruwan Dadin Kowa tana nan a kan kogin Gongola tun shekarun 1980, amma sai da aka shafe sama da shekara 30 kafin injinanta masu megawat 40 su fara ba da wuta. A 2024 kuma da ɓata-gari suka kayar da turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos, Gombe da Yola da Jalingo suka kwana makonni cikin duhu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara da manomin rani mai injin ban-ruwa duk sun san janareto ya zama abin da ke cinye riba. Saboda haka babu wanda ake buƙatar a roƙa ya so sola a ƙasar nan. Mutane suna saya da kuɗinsu, ku duba rufin shaguna. Abin lura shi ne wanda mutum ya saya da guminsa ba ya mutuwa haka nan, domin yana hawa ya goge, yana kashe abin da ya fi ƙarfinsa, yana tara kuɗin batir.

Da ni ake tambaya inda za a sa kuɗin taimako, da na ce a fara da mutane kafin kaya. A ɗauki yara maza da mata daga kowace gunduma, a koya musu haɗa sola da gyaranta da gwada batir, ba na kwana uku ba, koyo na gaske na watanni wanda za su bi ubangida wurin aiki. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a Bauchi, muna da kwalejin ilimi ta fasaha a Gombe da jami'ar jiha da ta Kashere. Wuraren koyarwa ba su ne matsala ba. A ba yaron mita da kayan aiki idan ya gama, a ɗaura masa asibitoci biyar ko shida da zai riƙa zagayawa duk wata, a biya shi. Wannan shi ne ilimin sauyin yanayi da zai zauna a gari bayan motar ƙungiya ta tafi. Sannan duk wanda zai kafa sola a wurin jama'a, a ware kuɗin canjin batir tun ranar farko a ajiye a asusun da kwamitin gari da ma'aikatan wurin za su sa hannu tare. Idan kuɗin ba za su isa a yi asibiti goma da wannan tanadi ba, a yi shida. Inda hali ya yi a saka batirin litiyam, ya fi tsada amma ya fi jure wahala. Inda kuma ba a buƙatar batir sam, kamar rijiyar burtsatse da ke tura ruwa tanki da rana ko famfon ban-ruwa a fadama, a fi ba da ƙarfi a nan, don su ne suka fi daɗewa.

Haka maganar take a dashen itace. Gwamnatin jihar Gombe ta fara shirin dashen itace na 3G (Gombe Goes Green) a 2019 da burin dasa miliyan ɗaya duk shekara, Gombe da Bauchi suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, ga kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700 na jihohin Arewa 19 da Abuja. Na yaba. Amma dashe a watan Yuli ba wuya, ruwa na sama ke yi maka aiki. A watan Maris ake gane wanda ya yi da gaske, lokacin da akuya ke yawo kuma rijiya ta yi ƙasa. Ina so in ga mai tallafin da zai ce ba zai biya a kan adadin da aka dasa ba, zai biya a kan wanda ya rayu bayan rani biyu, kuma matan unguwa da 'yan makarantar da suka yi ban-ruwa su za a ba. Kuma kada a zo ana yi wa mai gawayi wa'azi alhali tukunyar gas ta fi ƙarfin albashin malamin firamare. Buhunan gawayin da kuke gani a bakin hanyar Alkaleri mu mutanen birni muke saye. A sauƙaƙa wa mata murhu mai tsimin itace, wanda maƙeranmu za su iya ƙerawa a nan, kafin a ce musu su daina.

Wani zai ce ai Turawa su suka ɓata duniya, su biya. Na yarda, haƙƙi ne ba alfarma ba, a ci gaba da nema. Amma ni ban ga hikimar barin mai naƙuda cikin duhu ana jiran a gama taro a Baku ba. Kuma kuɗin waje ba su da tabbas, mun ga yadda Amurka ta rufe hukumarta ta ba da tallafi a ƙasashen waje, USAID, a 2025 ayyuka da dama suka tsaya cak a dare ɗaya.

A nan ne nake kallon namu attajiran. Alhamdu lillahi mutanenmu suna bayarwa. Ana gina masallatai, ana rabon hatsi da azumi, ana biya wa mutane kujerar Makka. Allah Ya saka da alheri. Sai dai kusan duk sadakarmu irin ta gani-da-ido ce, gini ko rabo. Alhali waƙafi, wanda muka gada a addini, an yi shi ne daidai don irin wannan matsala ta abin da ke buƙatar kuɗi kullum. Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Me zai hana Alhaji ya tsayar da shaguna biyu a kasuwa ya ce hayarsu ta batir da gyaran solar asibitin garinsu ce har abada? Me zai hana ƙungiyar 'yan kasuwar hatsi ko ta masu motocin haya ta ɗauki albashin yara biyu masu gyara? Ba za a rubuta sunan kowa a jikin batir ba, na sani, kuma wataƙila shi ya sa abin bai da farin jini. Malamanmu su taimaka su faɗa a mumbari cewa raya abin da wani ya kafa shi ma sadaka ce mai gudana.

Ku kuma 'yan uwana masu rubuta takardun neman tallafi, na san ba ku ke tsara sharuɗɗa ba, kuma na san wanda ya cika gardama ba a sake kiransa. Duk da haka ku gwada saka layin gyara na shekara biyar a kasafin, ku kare shi. Ku ɗauki hoton aikin da aka yi shekara uku da suka wuce ku nuna musu yadda yake yau, ko da ba daɗin gani. Wasu daga cikin masu ba da kuɗin nan ba su taɓa ganin wannan hoton ba, domin kowa na tsoron kada a rufe famfo.

Wanda ke da asibiti ko makaranta a garinsu da aka saka wa sola, don Allah ya leƙa a makon nan ya tambayi ma'aikatan ko tana kai su asuba. Ya rubuto mana sunan garin da shekarar da aka saka da abin da ya lalace. Idan mun tara, akwai masu gyara a cikinmu da za su iya faɗin abin da kowanne zai ci, sai mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.